Sarewar da Na Saya da Kuɗin Rufin Gidan Garam

Abba, Nafisa, wannan babin shi ne na fi jan ƙafa a kansa. Sau uku ina farawa ina yage takardar. Abin da kuka sani game da shekarar da gidanmu na Garam ya sha damina ba rufi, rabinsa ba haka yake ba, kuma ni na bar ku cikin kuskuren. Kun daɗe kuna riƙe da cewa mahaifiyarku ce ta matsa mini na kwashe kuɗin kwano na zuba a kayan kiɗa. Da bakinta ta faɗa muku haka, ina zaune a wurin, ban ce uffan ba. Yau zan faɗi yadda aka yi, tun ina da hankalina.

A shekarar ne na ajiye aiki a gidan rediyo a Abuja, bayan na shafe rabin rayuwata a sashen sauti. Muna haya a unguwar Chaza a Suleja, ɗaki biyu da falo, mahaifiyarku tana da shagon atamfa a kasuwa. Ɗan siton da ke bayan kicin shi na mayar ɗakin aiki, na lilliƙa kwalayen ƙwai a bango don kada sauti ya riƙa dawowa, na ajiye kwamfuta da kibod na kiɗa. Aikina shi ne kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin magana, a wasan kwaikwayo na rediyo ko shirin talabijin, irin kiɗan da ba wanda yake lura da shi sai in an cire shi. Ban da makaɗa. Abin da nake da shi shi ne abin da mu masu sana'ar muke kira rumbun sauti. A ƙasashen waje ake tara ƙwararrun makaɗa a babban zaure, masu gogen Turawa manya da ƙanana, masu busa ƙaho, masu sarewa, masu ganguna, a ɗauki sautin kowane kaya ɗaya bayan ɗaya, a hankali da ƙarfi, gajere da dogo, sannan a sayar. In ka saya ka zuba a kwamfuta, ka danna kibod a sitonka na Chaza, sai mutum talatin su ja goge a tare. Nawa rumbun tsoho ne, na kyauta da na aro, gogensa kamar kukan sauro a cikin gwangwani. Da shi nake lallaɓawa.

Sai ga aiki mafi girma da na taɓa samu. Wata mai shirya fina-finai, Madam Laraba, mutuniyar kudancin Kaduna, tana haɗa shiri mai kashi takwas a kan manoman yankin Gurara, tun daga Gawu Babangida har ƙauyukan bakin ruwa. Ta ce tana son kiɗa mai faɗi, wanda zai cika ƙirji, amma a ji gurmi da kalangu a cikinsa. Na kira wani mai gurmi na ɗauki sautinsa, na zauna kwana uku ina gyarawa, na kai mata samfuri a ofishinta. Mu huɗu ne a ɗakin, da ita da masu tace hoto biyu. Aka kunna. Ina kallon fuskokinsu ina jiran yabo, sai na ga ɗaya ya yamutsa fuska, ɗayan ya sa yatsa a kunne. Madam Laraba ta ɗaga hannu aka tsayar.

"Baba, wannan fiton fa? Da gangan ka sa shi?"

Na ce, "Wane fito?"

"Wannan da yake tsiii tun daga farko har ƙarshe. Har cikin haƙorina nake jin sa."

Na yi dariya, na ce lasifikarsu ce ta tsufa. Ba ta yi musu ba, ta tura abin a wayarta ta kunna, ta miƙo mini dab da fuskata. Su ukun suka sake yamutsa fuska. Ni kuwa gurmi nake ji, mai daɗi, tas, ba komai a kansa. Ɗaya daga cikin masu tacewar ya buɗe hoton sautin a allo, ya nuna mini da biro. Ga shi nan, wani siririn layi a can sama, miƙaƙƙe kamar zaren da aka ja, daga farkon kiɗan har ƙarshensa. Wata tsohuwar wayar lantarki ce a ɗakina take shigar da ƙara. Kwana uku ina zaune da wannan ƙarar a cikin kunnena, ban ji ta ba ko sau ɗaya.

Ban san yadda na fito daga ofishin ba. Na dai tuna na ce mura ce ta toshe mini kunne, ita kuma ta ce, "Ayya, sannu Baba, ka gyara ka dawo." A cikin bas, muna wuce Dutsen Zuma, na ɗaga hannu na riƙa murza yatsu biyu kusa da kunnena na dama. Ina jin ɗan sautin, can nesa. Na koma na hagu, na murza, na murza, babu. Na yi ta yi har matar da ke kusa da ni ta janye ɗanta ta matsa. Daga nan abubuwa suka fara dawo mini. Yaushe rabon da in ji kukan gyare? Na ɗauka sun ƙaura ne saboda gine-gine. Butar shayin da na ce wa mahaifiyarku ta daina fito, a sayo wata, ashe lafiyarta ƙalau. A masallaci na daɗe ina ganin sabon limaminmu yana haɗiye haruffa. Kafin mu shiga Suleja rigata ta jiƙe da gumi, ga shi kuwa tagar a buɗe take.

Bayan mako guda na ce wa mahaifiyarku zan je bin takardun fansho, na tafi asibiti. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, aka ɗora mini abin sauraro, aka ba ni maɓalli, aka ce duk lokacin da na ji sauti in danna. Da farko ina dannawa. Sai aka shiga wani dogon shiru. Ta cikin gilashi ina ganin hannun ma'aikaciyar yana motsi, tana juya wani abu, tana kallona, tana sake juyawa, na san sauti take turo mini, babu abin da ke isowa. Na taɓa tsallake haɗarin mota, na taɓa kwanciya rai a hannun Allah, amma ban taɓa jin tsoro irin na cikin akwatin nan ba. Har na danna maɓallin sau biyu a kan ƙarya. Likitan ya nuna mini takarda mai zane kamar gangaren tudu. Ya ce na hagu ya yi nisa, na dama yana biye da shi, kuma siraran sautuka ne suke fara tafiya, masu kauri su ne na ƙarshe. Shekarun da na yi da abin sauraro a kunne su ne suka jawo.

Na ce, "Likita, shekara nawa ya rage mini?"

Ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Wani yakan kai goma yana jin magana, wani biyu. Akwai na'urar da za ta taimaka maka da hira. Amma aikin kiɗa irin naka, wannan ba zan yi maka alkawari ba."

Na naɗe takardar na cusa a cikin kwalin kibod. Ban gaya wa kowa ba. A sana'armu, ranar da aka ce kunnen wane ya taɓu, ranar wayarsa take daina ƙara.

Ana cikin haka saƙo ya shigo mini daga wani kamfanin da ke sayar da rumbun sauti, wanda na yi shekaru ina leƙa shafinsa kamar mai leƙen shagon gwal. Sun yi ragi na mako biyu. Hanya biyu suka shimfiɗa. Ta farko, ka sayi bandir gaba ɗaya, duk abin da suka mallaka, goge da ƙaho da sarewa da ganguna da ƙararrawa har da muryoyin mawaƙa, a biya lokaci guda, a farashin da in ka raba shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ta biyu, ka hau mataki-mataki. Ka fara da ƙaramin rumbu na goge kawai, in ka samu hali ka ƙara ƙaho, su rage maka abin da ka riga ka biya, sannan ganguna, sannan na ƙarshe sarewa da ƙararrawa da sauran sirara. Matakin farko ina iya sayensa da abin da ke aljihuna, ba wanda zai ji a jikinsa. Bandir kuwa, a duk duniya kuɗi ɗaya nake da su da za su kai, su ne waɗanda muka ware daga kuɗin sallamata don rufin gidan Garam.

Kun san gidan. Shekara shida muna ɗora bulo a kan bulo, rabi daga albashina rabi daga shagon mahaifiyarku. Gini ya kai linta, kafinta Malam Garba ya riga ya auna ya rubuta katako da kwano, yana jiran a ce ya fara kafin ruwa ya sauka. Kai kuma Abba, an sa ranar aurenka bayan Babbar Sallah, kuma ɓangaren gabas na gidan nan za ka ajiye matarka. Duk na san wannan. Kada wani ya ce muku mantawa na yi.

Na kai maganar wurin maƙwabcinmu Malam Yohanna, malamin makarantar nan ɗan Filato da ke kaɗa molo a cocinsu, don shi ma yana taɓa irin aikin. Ban gaya masa zancen kunne ba. Ya duba shafin a wayata ya ce:

"Oga, mene ne abin tunani a nan? Ka ɗauki goge. Aikin Madam ɗin goge yake so da gurminka. In ta biya ka ƙara ƙaho. Shekara uku ka gama hawa, ba ka ji zafi ba."

Na ce, "In kamfanin ya rufe hanyar fa? In Naira ta ƙara faɗuwa?"

"In ta faɗi ta faɗi. Kai dai kana da goge a hannu. Ina kake sauri?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Amma shekara ukun da ya ambata kamar wasa su suka tsaya mini a rai. Na koma na sake duba jerin matakan, sai na ga abin da ya hana ni cin abinci. An jera su ne daga masu kauri zuwa sirara, ni kuma kunnena daga sirara yake mutuwa. Abin da suka ajiye a matakin ƙarshe shi ne abin da zai fara barina. In na bi hanyar Malam Yohanna, ranar da zan mallaki sarewa ranar ba ni da kunnen jin ta. Akwai wani ɗan samfuri a shafin, sarewa ɗaya tana tashi a kan goge, daƙiƙa arba'in. Na manna kunnen dama a lasifika na yi ta maimaitawa. Ina jin ta, amma kamar daga bayan katanga. Kowace safiya kafin in wanke fuska sai na kunna, in ji ko tana nan. Wata rana in ga kamar ta ƙara nisa. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya. In na sayi bandir, wataƙila kafin shekara in kurumce, in zauna ba kunne ba rufi, da kayan da ba a mayarwa ba a sayarwa, don lasisin da sunana yake. In ban saya ba, in mutu ban taɓa rubuta wa sarewa layi ɗaya na ji shi da kunnena ba, bayan shekara talatin ina yi wa wasu.

Saura kwana uku ragin ya ƙare na je shagon mahaifiyarku, abin da ban cika yi ba. Tana ninke atamfa. Na zauna a benci na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce:

"Rabi, in mutum zai sayi atamfa, bandir ya fi ko turmi-turmi?"

Ta ce, "Ya danganta da mai sayen. Bandir ya fi araha, amma kullum akwai kala uku ko huɗu a ciki da ba mai so, sai su tsufa a kan kanta. Wanda bai da ƙarfi turmi ya fi masa, ya zaɓi abin da zai tafi. Malam, atamfa za ka fara sayarwa?"

Na ce a'a, tambaya ce kawai. Ta dube ni ta ɗan jima, sannan mai saye ta shigo. Da a ce na buɗe baki a kan bencin nan, da wannan babin bai zama dole ba.

Katin bankina ba ya biya a waje, sai ta hannun wani mai shagon kwamfuta a Abuja da ke yi wa mutane irin wannan sayayya. Ranar ƙarshe na tafi wurinsa bayan Azahar. Wallahi, da niyyar matakin farko na fita daga gida. A cikin mota ina ta nanata wa kaina, goge kawai, goge kawai. Ya buɗe shafin, ya juyo allon wajena, hotuna biyu gefe da gefe, na matakin farko da na bandir. Ya yi magana. Yana gefena na hagu, ga janareta yana ruri a waje, na ga leɓensa yana motsi ban ji ko harafi ɗaya ba. Ya sake faɗa, ban ji ba. Sai da ya taɓa kafaɗata ya ɗaga murya:

"Baba! Na ce wanne?"

Na ɗaga yatsa na ɗora a kan babban. Sai da na yi kuskuren lambar sirri sau biyu wajen tura masa kuɗin. Bai kai minti biyar ba. Kwanon gida guda, da katakonsa, da ƙusoshinsa, da ladan kafinta. Bayan kwana huɗu na koma na karɓi abin da ya sauke mini a wata 'yar ma'ajiya da ba ta fi sabulun wanka ba. Na sa ta a aljihun gaba na dafe da hannu har Chaza, kowane rami motar ta faɗa sai gabana ya faɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar da na fara kunna ta na yi kuka. Na danna maɓalli uku, goge suka tashi suka cika siton nan, na ji kamar an cire rufin ɗakin. Na nemo sarewa na rubuta mata ɗan layi, na ji shi. Siriri, nesa, amma na ji shi. Sai dai daɗin bai kai awa guda ba, na ji motsin mahaifiyarku a kicin, tsoron ya dawo ya zauna inda ya saba.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina ɓoyewa. In ta ce yaushe Malam Garba zai fara, in ce katako ya yi tsada, a ɗan jira. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Ran na sha biyu, bayan La'asar, Malam Garba da kansa ya zo gida, ya same ta a tsakar gida, ya ce shi fa an ba shi wani aiki a Madalla, in ba a shirya ba a sallame shi, don ya kira wayata ya fi sau goma ba a ɗauka. Bayan ya tafi ta shigo siton. Ba ta taɓa shiga ba sai da sallama, ran nan ba ta yi ba. Ta zagayo ta tsaya a damana.

"Malam, ina kuɗin rufi?"

Na nuna mata 'yar ma'ajiyar a kan tebur. Ta dube ta, ta dube ni. Na jawo kwalin kibod na zaro takardar asibiti na miƙa mata, na fara bayani. Ko buɗe takardar ba ta yi ba.

"Ka ɗauka ban sani ba? Wata nawa ina zagayowa damanka kafin in yi maka magana? Wa ya ce wa yara su daina yi maka magana daga ɗaki? Ina jira ne ka faɗa da bakinka."

Na kasa ɗaga kai.

"Kunne na Allah ne, Shi ya ba ka, in Ya karɓa ba ni da ta cewa. Abin da ya ƙona mini rai, ka taka har shagona, ka zauna, ka kalli idona ka tambaye ni bandir ko turmi. Na ba ka amsa tsakani da Allah, ashe da bulona kake ciniki."

Ban taɓa jin muryarta haka ba, ba ta ɗaga ta ba, amma kowace kalma ta shiga, har ta kunnen da ya mutu. Na ba ta haƙuri. Kuma ko a lokacin, ku ji irin mutumin da tsoro ya mayar da ni, abin da na fara roƙo shi ne kada ta gaya wa kowa zancen kunnen. Na ce in ya fita, Madam Laraba za ta karɓe aikin, shi ke nan an yi biyu babu. Ta ce, "Abba fa? Me za a ce masa?" Ta jima tana kallon kwalayen ƙwan da ke bango, sannan ta ce in bar mata.

Abba, ka tuna ranar. Asabar ce, ka dawo da samfurin fenti a hannu, kana tambaya wanne zai dace da ɗakin amarya. Nafisa tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa. Mahaifiyarku ta ce ka zauna. Ta ce bana ba za a yi rufi ba, an sa kuɗin a kayan aikin Babanku. Ka juyo ka kalle ni, na ga abin da ke tasowa a idonka, sai ta riga ka.

"Ni na ce ya saya. Bai so ba, ni na matsa. Na ga aikin zai kawo kuɗi."

Ka ce, "Mama, ke? Ke da kika san an sa rana? Me zan ce wa iyayen yarinyar nan?"

Ta ce, "Ka ce musu laifin uwarka ne."

Ka ajiye samfurin fentin a kan tabarma ka fita. Ina zaune, tazarar hannu ɗaya tsakanina da kai. Kalma huɗu kawai ake buƙata, in ce ba ita ba ce. Na buɗe baki, na ji tsoron yadda za ka dube ni in ka san ubanka ya zama kurma kuma ya ci amanar gida a wata guda, na rufe. Na ce a raina gobe zan faɗa. Goben nan ita ce yau.

Daminar ta zo da ƙarfi. Ruwa ya yi ta zuba a cikin ɗakunan da ba rufi har ciyawa ta fito a falo, a tsakiyar damina bangon gabas ya tsage ya zube, ɓangarenka. Aka ɗaga aure, dangin amarya suka yi maganganu, daga baya ka kama ɗaki ɗaya a Madalla kuka tare a can. Ba ka yi wa mahaifiyarka rashin kunya ba, ban taɓa jin ka ɗaga mata murya ba. Amma ka daina zama. Kakan gaishe ta a tsaye, ta zuba maka abinci ka ce ka ƙoshi, ka shigo sitona ka yi hira da ni, ni da na yi ɓarnar. Ina ganinta ta taga tana mayar da tuwon cikin kula. Ko sau ɗaya ba ta ce mini ka ga abin da ka jawo ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kuma ita ce ta zama kunnena. Duk kiɗan da na haɗa, kafin ya fita daga gidan sai ta dawo daga kasuwa ta zauna a kan kujerar roba ta saurara, ita da ba ta taɓa damuwa da kiɗa ba. Ba ta san sunan komai ba. Sai ta ce, "Akwai wani abu yana tsiwa a sama, rage shi," ko ta ce, "Wannan mai busar ya cika surutu, ba a jin mai magana." Haka muka gama kashi takwas na Madam Laraba, ba a dawo mini da ko ɗaya ba. Har yau matar nan ba ta san mutum biyu ne suka yi mata aiki ba.

Sarewa ta zauna da ni damina biyu. Wata safiya na danna maɓallinta na sama, na ga alamar sauti tana tsalle a allo, ɗakin shiru. Na sauko ƙasa maɓalli bayan maɓalli har na iso inda nake ji, na ga abin da ya rage mini bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Na kashe kwamfutar na fita na zauna a ƙofar gida har aka kira Azahar, na gane an kira ne da na ga mutane suna alwala.

Ga abin da ya fi mini wuyar rubutawa. Malam Yohanna ya yi gaskiya. Duk aikin da ya kawo kuɗin da muka sake tayar da bango muka yi rufi bayan damina uku, da goge na yi shi, da gurmi, da ɗan ganga. Matakin farko kaɗai ya isa. Fiye da rabin abin da ke cikin bandir ɗin ban taɓa buɗe shi ba. Kamfanin bai rufe hanyar ba, shi Malam Yohanna ta nan ya bi a hankali har ya kai ƙarshe. Saboda haka kada ku ce Baba ya yi ne don neman abincin gida. Don kaina na yi. Na ji tsoron shiru, na rasa wanda zan gaya wa saboda girman kai, na ɗauki abin da yake na mu duka na saya wa kaina damina biyu na sarewa. Na ji daɗinsu, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba ni na biya ba.

Mahaifiyarku ba ta san ina rubuta wannan ba. In ta sani za ta ce a bar abin da ya wuce, ta ce yaro ya manta. Ba ka manta ba, Abba, ina ganin yadda har yanzu kake zama a bakin kujera in ka shiga ɗakinta. Nafisa, ke ma kin taɓa ce mata ta cika son kuɗi, ina jin ki a lokacin, kunnen dama bai gama tafiya ba.

Ban nemi ku yafe mini a takarda ba, wannan sai mun haɗu ido da ido. Abin da nake roƙo ɗaya ne. Abba, ranar Juma'a in an sauko, ka taho Garam kai kaɗai. Kada ka fara da ɗakina, ko ka yi sallama ba zan ji ba. Ka wuce wurinta kai tsaye, ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa. In ta zuba maka abinci, ka ci.